Bututun da na ɗaure da roba

Shekara shida muka yi da aure kafin Allah ya ba mu haihuwa. Da cikin matata ya shiga wata na takwas sai wani abu ya tsaya mini a rai, wanda ban faɗa wa kowa ba: ba na so a ɗauke ta a kai ta gidansu wankan jego. Na san al'ada ce, haihuwar fari a gida ake wanka har kwana arba'in. Amma gidansu a Maruta yake, can ƙasar Gwaram, ni kuwa a Birnin Kudu nake koyarwa, Litinin zuwa Juma'a. In aka tafi da su, sai dai in riƙa zuwa ranar Asabar in zauna a zaure kamar baƙo, a miƙo mini jariri in gani in mayar. Bayan jiran shekara shida, wallahi ban ga zan iya ba.

Na san hujjar da za a kawo mini, wato ruwan zafi. Mai jego tana wanka safe da yamma da ruwa mai zafin gaske da ganyen darbejiya, kuma tsakar gidanmu ƙarama ce, an shafe ta da siminti, babu inda za a girke babbar tukunya. Sai na ce bari in kashe bakin kowa tun da wuri. Na samo wani ɗan Kano mai haɗa wa mutane sola, ya zo ya kafa mini na'urar da ke dafa ruwa da zafin rana a kan rufin gidan. Tanki ne a kwance, an jera dogayen kwalaben gilashi a ƙarƙashinsa, kowace ta shiga cikin tankin ta wani zoben roba. Daga can bututu ya sauko banɗaki da kicin. Ranar da ya gama aikin ina makaranta, sai ya bar mini wata takarda da aka rubuta da harshen da duk malaman makarantarmu babu wanda ya iya karanta ko layi ɗaya.

Ranar wata Alhamis cikin bazara ta sauka lafiya a asibiti, mace. Kafin magariba Inna, mahaifiyar matata, ta iso da ƙullin gero da kanwa da yaji. Inna mace ce marar yawan magana, kuma tsakanina da ita akwai kunya irin ta suruki, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Washegari da safe na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta, na ce ga famfo can a banɗaki, ruwan zafi ne a ciki. Ta je ta murɗa, ta tara bayan hannunta, ta janye da sauri.

"Malam, ina wutar take?"

"Babu wuta, Inna. Rana ce take dafa shi."

Ta ɗaga kai ta kalli rufi.

"To, ikon Allah. Mu gani zuwa suna. In ruwan ya ishe mu safe da yamma, sai in zauna nan mu yi arba'in ɗin. In bai isa ba, washegarin suna mu kama hanya."

Na fita ina jin kamar an ba ni kyautar gona.

A ranar nan, da na dawo daga masallacin Juma'a, na ji wani sauti a kan kwano, tas, tas, tas, daidai saman ɗakin mai jego. Na ari tsani na hau. Kwanon yana ƙona hannu. A saman tankin akwai wani ɗan gajeren bututu a tsaye, bakinsa a buɗe, shi ne yake ɗigar da ruwa, wani lokaci har da ɗan tururi. Na'urar da ko wata ɗaya ba ta yi ba, kuma kwana shida kawai gare ni. Na sauko na leƙa ɗaki na faɗa wa matata. Tana kwance da jaririyar a gefenta ta ce, "Ai tun da aka kafa shi yake wannan..." Ban tsaya na ji ƙarshen maganar ba, na riga na juya ina neman lambar mai gyaran famfo.

Mai gyaran famfon dattijo ne, ya ce zai biyo da sassafe kafin ya wuce wani aiki a Wurno. Ya zo ranar Asabar, ya hau, ya shafa bututun, ya shafa tankin, ya duba tafin hannunsa. Ƙamas. Ya ce, "Malam, ina yoyon?" Na ce jiya yana nan. Ya ce to yau ba ya nan, ya sauka ya hau babur ɗinsa. Rana na kaiwa tsaka sai ga tas, tas, tas. Na kira shi na ɗaga wayar sama don ya ji da kunnensa, ya ce shi kukan kaza kawai yake ji. Da la'asar sakaliya ya sake biyowa, muka hau tare, muka tarar ya bushe kamar bai taɓa ganin ruwa ba. Dattijon ya dube ni da tausayi.

"Malam, ko dai raɓa ce?"

"Raɓa da tsakar rana? A bazara?"

"To ni dai shekarata talatin ina gyaran famfo, abin da yake yoyo yana yoyo, wanda ba ya yi ba ya yi. Ban san mai zaɓen lokaci ba. Ka samu ka ɗan huta, sabon uba ba ya samun barci."

Raina ya ɓaci, amma ni ma kaina ya ɗaure. Ta yaya abu zai yi yoyo daga azahar zuwa la'asar, sa'annan ya tashi aiki kamar ma'aikacin sakatariya?

Maƙwabcina direba ne, yana jan bas tsakanin Birnin Kudu da Kano, kuma mutum ne da bai taɓa cewa bai san abu ba. Ranar Lahadi ya gan ni a kan rufi da tsakar rana ya ɗago murya ya ce me ya kai ni sama, ko jinjirin wata nake nema. Na faɗa masa. Nan take ya tuɓe takalmi ya hawo. Shi dai Allah ya sa ya ga ɗigon da idonsa, har na ji daɗi an samu shaida. Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, in lagireton mota ya huje a hanya garin kuka suke zubawa a ciki, ya bi ruwa ya toshe ramin. Na ce ruwan wankan mai jego ne, ba zan sa surukata ta murɗa famfo miya ta zubo ba. Ya ce to sai roba.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san wannan roba. Tsohuwar robar cikin tayar babur ce ake yankawa siri-siri. Da ita ake ɗaure tiyon ban ruwa a fadama, da ita ake ɗaure famfon masallaci, da ita ake ɗaure kaya a bayan babur. Tunda nake ban taɓa ganin yoyon da ya gagari roba ba. Maƙwabcina ya fere wani guntun itace ya cusa a bakin bututun, ya buga shi da dutse, muka bi da roba muka naɗe, yana ja ina riƙewa, har sai da bututun ya yi kai kamar an naɗa masa rawani. Muka zauna muna kallo. Ko ɗigo ɗaya. Ya buga ƙafata ya ce, "Ka gani? Bature ya ƙera, Bahaushe ya gyara."

Litinin da asuba, ina shirin makaranta, na ji famfon banɗaki yana wani irin tari. Inna ta murɗa, ruwa ya zubo kamar rabin bokiti, sai ya koma siriri, sai ya yi ƙugi ya tsaya. Ta rufe, ta jira, ta sake buɗewa, ya ɗan tofo ya sake tsayawa. A da bokiti uku take cikawa ba tare da ya nuna gajiya ba. Na tsaya a tsakar gida da littattafai a hannu ina ta juya abin a raina. Jiya ruwa yana zuba a banza amma yana isa. Yau na hana shi zuba, kuma ya ƙi isa. To ina ruwan da na tare ya tafi? Lissafi nake koyarwa, amma wannan ya fi ƙarfina.

Matata ce ta aiko a kira ni, ta ce a hankali, "Malam, Inna ta ce ruwan yau ko kafaɗa bai jiƙa ba." Na ce a yi haƙuri, kafin yamma zai daidaita. Jaririyar tana tsotso a lokacin, kanta kawai na gani ta bayan zane, na fita da sauri don na makara.

Da na dawo da azahar sai na tarar da sabon abu. Bututun da muka ɗaure yana nan shiru, amma ruwa yana tsattsafowa daga zoben robar kwalba ta uku. Na ɗaure shi. Kafin in gama, ta bakwai ta fara. Na ɗaure. Washegari ta uku ta koma, ta biyu da ta tara suka shiga layi. Na yanka roba har tsohuwar tayar maƙwabcina ta ƙare, na je wajen mai faci na roƙo wata. Na sa gam, na sa sabulu, har ƙullin leda na gwada. Duk inda na toshe sai ya ɓullo ta wani wuri, kuma kullum a lokacinsa, azahar zuwa la'asar. Na lura gefen tankin ya ɗan lotsa ciki kamar gwangwanin da aka taka, na rasa wanda ya taka shi a kan rufi. Na kira ɗan Kanon ya fi sau ashirin, wayarsa a kashe.

A kwanakin nan mutane suna ta zuwa barka. Daga sama nake amsa gaisuwa. Yayata ta zo daga Basirka ta tsaya a tsakar gida ta kare rana da hannu ta ce, "Kai ka haihu ne ko ka koma tantabara?" Na ce ina zuwa, yanzu zan sauko, ban sauko ba sai da ta tafi. Tafin hannuna duk ya yi ƙuna, wuyana ya saɓule. In na sauko da magariba jikina yana warin roba da gumi, sai in tsaya daga bakin ƙofa in tambayi lafiyarsu, don kada in ɗauki yarinya da wannan hannu. A raina ina cewa ba komai, in na gyara ai kwana arba'in gare ni, zan ɗauke ta har in gaji.

Ranar Laraba na dawo na tarar da duwatsu uku a kusurwar tsakar gida, an zuba yashi a ƙarƙashinsu saboda siminti, da tukunyar da aka aro a maƙwabta, hayaƙi ya cika gidan. Inna tana durƙushe tana fifita wuta. Na ji kunya kamar in nutse. Na durƙusa na ce, "Inna, gobe in sha Allahu zai gyaru." Ba ta waiwayo ba ta ce, "Allah ya yarda, Malam. Sannu da ƙoƙari." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis aka yi suna. Da safe aka taru a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Wajen azahar mata suka cika gidan, tabarmi har bakin kicin, takalma jibge a ƙarƙashin indararo. Ina waje tare da abokai amma kunnena yana kan rufi. Shiru nake ji, har na fara cewa ko robar ta ci nasara. Sai muka ji wata ƙara, fau, sa'annan ƙarar gilashi a kan kwano, sa'annan salatin mata.

Na faɗa gidan ban ko yi sallama ba. Kwalba ɗaya ce ta fice daga tankin ta tarwatse, ruwan da ya wuni yana tafasa ya biyo kwano ya zubo ta indararo kamar ruwan Agusta, tururi ya turnuƙe. A kan takalma ya sauka. Tabarmar da ta fi kusa ba ta fi taku biyu ba, kuma a kanta ƙanwar Inna take zaune, an ce ba a fi minti biyar da karɓar jaririyar daga hannunta an shigar da ita ɗaki ba. Babu wanda ya ƙone. Takalman roba ne kawai suka lanƙwashe. Mata suna ta Innalillahi, wata tana neman ɗan'uwan takalminta a cikin tururi. Inna ta fito daga ɗaki ta dubi ruwan, ta dubi tabarmar, ta koma ciki. Jim kaɗan na ji ƙarar zif ɗin jaka.

Washegari na samo mota da kaina. Ban roƙi kowa komai ba, don ba ni da bakin roƙo. Matata ta shiga baya, an lulluɓe yarinyar da tawul saboda iska, Inna ta zauna kusa da ita. Matata ta ce, "Sai ka zo." Na ce sai na zo. Motar ta bi hanyar Gwaram, na koma gida na tarar da duwatsu uku da toka.

Bayan kwana biyu ɗan Kanon ya kira, ya ce wayarsa ce ta faɗa ruwa. Na kwashe labari na faɗa masa tun daga ɗigon farko. Da na zo kan guntun itacen sai ya katse ni.

"Malam, wane bututu ka toshe?"

"Ɗan gajeren nan na sama, mai yoyo."

Ya yi salati.

"Ai wannan hancinsa ne! Ta nan yake numfashi. In rana ta yi zafi ruwa ya kumbura, ta nan yake rage kansa. In an buɗe famfo kuma, ta nan iska take shiga ruwa ya samu saukowa. An yi shi ne don ya ɗiga. Na faɗa wa matarka ranar da na gama, na ce ta faɗa maka."

Abin nan lafiyarsa ƙalau tun farko, ni na bi shi da roba har na kashe shi. Kuma har yau in na tuna ina jin wani ɓangare na kaina yana gardama, yana cewa ta yaya za a ƙera abu sabo fil a ce aikinsa yoyo.

Sai da ya yi kwana goma kafin ya samo kwalba da zobba ya zo. Ya yanke robobina ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai, ya tara su a gefe sun kusa cika bokiti. Ya ce tankin ya lotsa amma zai yi aiki. Duk tsawon kwanakin nan ban je Maruta ba. A waya nake gaishe su, ina cewa aiki ya yi yawa. Gaskiyar magana kunya ce, na ƙudura ba zan tsaya gaban Inna ba sai da labarin cewa an gyara.

Ranar Asabar na ɗaure buhun gero da sabulu a bayan babur na kama hanya. Tun daga Birnin Kudu nake tsara maganar da zan yi: an gyara, ruwa yana zuba bokiti huɗu, saura fiye da sati biyu a yi arba'in, in Inna ta amince su dawo a ƙarasa a can. Na maimaita ta har na haddace.

Na tarar da gidan cike da hayaƙi da ƙamshin kunun kanwa, babbar tukunya a kan murhu, itace tuli guda a jikin danga. Daga bayan ɗaki na jiyo dariyar matata, irin wadda na daɗe ban ji ba. Na gaida surukina a zaure, sa'annan Inna ta aiko a ce in shigo. Ta amsa gaisuwata da sakin fuska, ba ta ko ambaci famfo ba, ta ce, "Shiga ɗakina ka gan ta, Malam, yanzu aka yi musu wanka."

Na ɗaga labule na shiga. Jarirai biyu ne kwance a kan gado, kowanne an yi masa aski, an shafa masa kwalli, an naɗe shi da zane iri ɗaya. Sai a lokacin na tuna an faɗa mini matar yayan matata ta haihu kwana uku kafin tamu. An faɗa mini ina kan rufi, na ce Allah ya raya, na ci gaba da ɗauri.

Na tsaya a kansu. Na dubi na dama, na dubi na hagu. In fita in tambaya, da wane baki? Na sunkuya na ƙara dubawa, sai na ga na hagu yana da faɗin goshi irin na gidanmu, da ɗan hanci kamar na mahaifiyata. Zuciyata ta kwanta. Na ɗauka na rungume, na yi addu'a na tofa, idona ya ciko. Na ce mata a hankali ta yafe mini, babanta ya zo.

Matata ta shigo da kwanon kunu a hannu, ta yi kyau ta murmure. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. Ta fara murmushi, sai murmushin ya tsaya.

"Malam, wannan ɗan Yaya ne. Namiji ne ma."

Ta ajiye kwanon, ta karɓe shi daga hannuna ta kwantar, ta ɗauko ɗayar ta miƙo mini. Ba ta yi dariya ba. Maganar da na haddace tun daga Birnin Kudu ban faɗe ta ba, ranar ko bayanta. Na zauna a bakin gadon Inna da 'yata a hannu, na daɗe ina kallon fuskarta ina neman abu ɗaya da na sani, ban samu ba.